Kwano a Ƙarƙashin Jinkar Kaka

Fallen kwano ne a kaina, an naɗe shi an ɗaure da roba, ina tsakiyar hawan dutse, sai ɗan Bulama, mai garin, ya tare mana hanya da sanda. Ranar Laraba ce, mun taso daga kasuwar Mokolo, ana gab da faɗuwar damina, shekarar da na bar lekol, wato makarantar boko. Kawu Deli, ƙanin Inna, yana gaba da nasa kayan, ɗansa Tize yana bayana. Ɗan Bulama ya ce babansa ya ce kwano ba zai hau dutsen nan ba. Na ce masa da Fulatancin New Bell ɗina mai karaya, "Ai ya riga ya hau, ga shi a kaina." Kawu ya juyo ya dube ni, na ja bakina. Haka muka karkata zuwa gidan Bulama, aka jingine kwanon a zaure.

Ni a unguwar New Bell ta birnin Douala aka haife ni. Baba Bahaushe ne mai sayar da takalma a kasuwa, Inna kuma daga wannan ƙauyen na kan dutse ta fito, can bayan Mokolo. Da na ƙi zaman aji, kullum ina bin 'yan moto, masu acaɓa da babur, har Ndokoti, sai Baba ya ce a kai ni wurin Kaka, ko dutse zai zaunar da ni. Ya haɗa ni da saƙo guda: ɗakin surukarsa yana yoyo, a rufa mata da kwano kafin ruwa ya sauko.

Washegari Bulama ya yi mana bayani ba tare da faɗa ba. Ɗakin Kaka shi ne na farko a kan hanyar da masu rakiyar baƙi suke bi da Nasara. Zagayayye ne, na dutse, jinkarsa mai tsini, ga ƙaton dutse a bayansa, duk wanda ya iso nan yake fara ɗaukar hoto. In kwano ya yi walƙiya a wurin, za a wuce da baƙi ƙauyen gaba, matan da ke shimfiɗa tukwane da saƙa a gindin tsamiya su wuni babu mai tayawa. Kawu ya ce ciyawar jinka ta yi wuya, gona ta cinye fili, wadda ake samu ba ta kai kauri, gara kuma ta gama da ta bara. Bulama ya ce ya sani, shi ma ɗakinsa haka yake.

Kwanon ya zauna a zaure, ni kuma aka sa ni aiki. Gonakinsu hawa-hawa ne a jikin dutse, an tare ƙasar da jerin duwatsu, kowace shekara sai an bi an mayar da waɗanda awaki suka ture. Tize ya koya mini yadda ake juya dutse har ya zauna da kansa ba tare da laka ba. Muna kwaso takin awaki a kwando mu haura da shi, mu gangara rafi mu tono yashi mu jira ruwa ya taru. Da rana muna harbin ƙadangaru da danƙo, ko mu zauna a kan faffaɗan dutse mai santsi mu sulalo har wando ya ɓule. In mota ta tsaya a ƙasa yara su ruga, ni ne gaba, don ni kaɗai nake jin abin da Nasara ke cewa. Amma kullum da yamma sai in ga Kaka ta fito ta dubi gabas. Na taɓa shiga ɗakinta na ɗaga kai, ina hango sama ta wurare da dama. A ƙasa kuma ga tukwanen da take tara ruwan yoyo, tun bara ba ta kawar da su ba.

Ranar da hadari ya fara haɗuwa, Kaka ta ɗauki sandarta ta ce in riƙe mata hannu. Ta sami Bulama cikin mutanensa, ba ta zauna ba. Tize ne ya fassara mini daga baya, don da yarensu suka yi maganar. Cewa ta yi, "Ɗan ƙanina, baƙin nan naka, a ɗakina suke kwana ko kallo suke yi su wuce?" Ya ce kallo suke yi. Ta ce, "To ka bar musu waje, ka bar mini ciki. A kafa kwanon, a rufe shi da ciyawa." Bulama ya ce in ya hango ko ƙusa ɗaya daga hanya, da hannunsa zai ɓare.

Gayya aka yi. Kawu ya yayyanka kwanon kamar ɓarin kankana don ya bi zagayen ɗaki, maza suna bugawa, mu muna miƙa damin ciyawa, mata suna tufka igiya. Bulama da kansa ya gangara hanya ya duba ta kowane gefe, bai hango ko ƙusa ɗaya ba. Da ruwan farko ya zo da la'asar, ni da Kaka muna ciki. Ta sa ni na kife tukwanen. Babu ɗigo, babu ƙara, sai wani shuu a hankali. Ta ce mini da Fulatanci, "Ashe kwanon naku ma yana da kunya in an suturta shi." Bayan haka na sha jin masu rakiya suna gaya wa Nasara da Faransanci cewa ɗakin nan tun kakanni babu abin da ya canza. Ni da Tize sai mu shige bayan rumbu mu yi dariya.

Yanzu ina New Bell, moto nake tuƙawa, ba na daɗewa a sana'a ɗaya. Baƙi sun daina hawa dutsen tun da hanyar arewa ta zama abin tsoro. Kwanan baya Tize ya aiko mini da murya a waya: kowa ya rufa kwano tsirara, Bulama ma haka, ciyawar Kaka ta ruɓe, ko su kwashe ta a huta, tunda babu mai ɗaukar hoto? Sai da na manna wayar a kunne kafin na ji shi, don ruwan Douala yana dukan rufin ɗakina, ko kiran salla ba a ji. Na jira ya ɗan tsagaita, na rubuta masa:

"Tize, kar ku kwashe. Ni a ƙarƙashin tsirararren kwano nake, na san abin da yake yi wa barci. Ku fara yanko sabuwa, ina zuwa mu ɗora mata."