Farar Rigar Yayana a Layin 'Yan Gwanjo

Ina Rijau wajen awon dawa yayana ya rasu. Kafin saƙo ya same ni, kafin in sami motar da za ta kawo ni Kontagora, ya kwana biyu a ƙasa. Na sauka na zauna a tabarmar makoki, ana yi mini gaisuwa ina amsawa. Ban yi kuka ba. In an kawo tuwo nakan ci, in an kira salla in tashi. A lokacin ba a yi Jihar Neja ba tukuna, Sakkwato muke bi.

Bayan sadakar arba'in malamin da ya zo rabon gado ya ce tufa ba ta rabuwa, a ba dillali ya sayar saboda marayu. Ni na ɗaure kayan a tsohon zane, ni na miƙa. Ban duba abin da ke ciki ba.

Mahaifiyarmu, da muke kira Inna, idonta ya yi shekara uku da mutuwa. Yayana shi ne ɗanta na fari, saboda haka tun da na yi wayo ban taɓa jin ta kama sunansa ba, ban ga ta zauna hira da shi ba. A makokin ma ba wanda ya ga hawayenta. Wata safiya na shiga gaishe ta, sai ta ce, "Ina farar rigar wancan? Ta Juma'a, wadda na yi wa faci a aljihu."

Na ce, "An sayar, Inna."

Ta juyo da fuskarta inda muryata take. Sannan ta ce, "Ka nemo mini. Ƙanshin jikinsa nake so in ji."

Dillali ya ce a dunƙule ya sayar wa 'yan gwanjo, bai riƙe ko wa ya ɗauki me ba. Sai na nufi layin masu tufafi. A bakin layin akwai kantuna biyu masu gilashi, inda ma'aikata ke sayen taguwa ɗinkin Ikko, a naɗe cikin takarda mai sheƙi. Na shiga ɗaya, ban san dalili ba, don na san tsohuwar riga ba ta shiga nan. Mai kantin ya dubi ƙafata, ya ci gaba da sauraron rediyonsa. Na fito na wuce teloli, na gangara inda warin kafur yake fara dukan hanci. Nan 'yan gwanjo suke, kowa da tarinsa a tabarma: kwat, suwaita, wandunan Turawa masu kauri da ba wanda zai iya sa su a zafin garinmu. Manyan riguna na gida kuma suna rataye a igiya daga baya.

Gwanjo yana da ƙa'idarsa, kowa ya tashi da ita. Ba a tambayar mai kaya daga ina riga ta fito, don ba wanda yake so a ce masa ta mamaci ce. Ba a kuma nuna abin da ake so, in ka nuna ya yi tsada. Sai ka ɗaga wando kana satar kallon riga. Haka na yi. Na bi rumfa rumfa ina ɗaga abin da ba na buƙata, idona yana kan duk wani abu fari.

A rumfar ƙarshe akwai wani dattijo Banufe. Ya san mahaifinmu Bakatsine ne, akwai wasa tsakaninmu.

Ya ce, "Bawana, yau kai ne a gwanjo? Na ɗauka Katsinawa sabo kawai suke sawa, ko da cikinsu ba komai."

Na ce, "Kallo na zo, Baba."

"Kallo kyauta ne. Zauna ka huta, kada ka faɗi a rumfata a ce ni na kashe ka."

Ya nuna mini wani buhu cike da kaya, na zauna a kai. Ya ba ni ruwa a moɗa, na sha, na duba igiyarsa, ban ga farar rigar ba, na tafi.

Kwana tara ina zuwa. Na san wanda ke da kwat mai maɓalli ɗaya, na san wanda ke fesa wa kaya ruwa da baki don su kwanta. Fararen riguna na ɗaga sun fi a ƙirga, kowacce in cusa hannu a aljihunta in fitar. Da yamma Inna takan ji tafiyata ta ɗago kai, in ce, "Tukuna." Ba ta sake tambaya.

A rana ta tara dattijon ya ce, "Kai, Bakatsine, ka shafe mini kaya har sun fara koɗewa. Aure za ka ƙara ne kake jin kunyar faɗa, ko aljihun mutane kake lalube ko an manta sisi?"

Na gaji, sai na gaya masa. Na ce farar saƙi ce mai aska biyu, da faci a cikin aljihu, ta yayana, kuma tsohuwarmu ce ke nema.

Ya bar dariya. Ya ce, "Allah ya jiƙansa. Mai awon nan na bakin tasha?"

Na ce shi.

Ya ce, "Ɗana, farar rigar mamaci ba ma rataye ta fara a garin da ya mutu. Marina muke kai ta, a rine, a buga, don kada 'yan'uwansa su gan ta a jikin wani a sahun Juma'a." Ya miƙa sanda ya sauko da wata baƙar riga mai sheƙin shuni. "Jiya ta dawo daga mabuga. Ranar da ka fara zuwa tana cikin buhun da ka zauna a kai, ko wanki ba a yi mata ba. Washegari na kai ta. Me ya hana ka magana?"

Na ce, "Ba a faɗa."

Ya ce, "Haka ne, ba a faɗa."

Na sa hannu a aljihun. Facin yana nan, da ɗinkin Inna mai manyan taku. Na tsaya ina jira in ji wani abu, ban ji ba. Ya naɗe mini ita a takardar siminti, bai yi ciniki ba, ni ma ban yi ba.

Na sami Inna a bakin ƙofar ɗakinta, na ɗora mata a cinya. Ta warware, ta kai hanci wajen wuya, ta koma hammata, ta sake komawa wuya.

Ta ce, "Warin marina kawai."

Na ce, "Rina ta aka yi." Ban gaya mata zancen buhun ba, har ta bar duniya.

Ta laluba ta sami aljihun, ta cusa hannu, ta bar shi a ciki. Da ta fitar, yatsunta sun yi shuɗi, ita ba ta sani ba. Ta ninke rigar ta tura ƙarƙashin matashinta.

Ta ce, "Ka ci abinci?"

Na ce a'a. Ta ce akwai sauran tuwo a akushi, na ɗauko na ci.