Baƙin Yalon Yaya Sale

Kazaure

Ƙarfe biyar da rabi, ana sallame Asuba, na ɗaure buhu biyu a bayan babur. Kayan yayana Sale ne, yana kwance da karayar ƙafa. 'Yarsa Hadiza ce ta kawo masa irin daga makarantar koyon noma, ya cika lambunsa da shi kaf. Wani yalo ne baƙi mai sheƙi, kowanne kamar damtsen mutum. Ta ce da sunan ƙwai Turawa ke kiransa. Ni dai ban taɓa ganin kazar da ta yi irin wannan ba. A Kazaure ba wanda ya taya, ga shi ya fara yaushi a gona.

Gwiwa

Na isa bakwai saura, bayan 'yan sanda sun tsayar da ni sau ɗaya. Na baje a kasuwa. Kun san mutanenmu, ba a sayen yalo sai an gatsa. Wani dattijo ya gatsa ɗanye, ya tofar.

"Malam, wannan soso ne ko yalo?"

"Baba, ni ma aiko ni aka yi."

Har Azahar, goma aka gatsa, ba a sayi ko ɗaya ba. Na sha fura, na ɗaure kayana.

Roni

Ƙarfe uku na tsaya cin tuwo kusa da tasha, raina a ɓace. Mai tuwon, Hajiya Kande, ta hango bakin buhu.

"Kai! Ina ka samo wannan? Rabona da shi tun ina aikatau a Makka."

Na ce an gatsa an zubar. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Ɗanye? Haba ƙanena, ai sai da wuta."

Ta jefa uku a garwashi, ta ɓare, ta murje da man gyaɗa, yaji da albasa. Direbobi biyu suka sa hannu, ba su bar mini ko loma ba. Ta ɗauki buhu ɗaya, ta ce in sake kawowa Laraba. Ɗayan ta ce ba ta da inda za ta kai shi.

Gida

Kafin Magariba na shigo. Yaya ya ga buhu guda ya dawo, ya juya fuska bango. Na sa matarsa ta hura wuta, muka gasa masa yalon yadda Hajiya Kande ta yi. Ya ci, ya suɗe yatsa, ya ce a kira Hadiza ya ba ta haƙuri, don kwana huɗu ba ya amsa gaisuwarta.

Alhamdu lillahi. Allah ya saka wa Hajiya Kande da alheri.