Kamar guga

Ina balkon, wato barandar sama, ina ɗaure igiya a jikin ƙarfe, sai Kaka ta leƙo: "Angona, rago za ka sayo ne?"

Ni da ita muke zaune a saman bene a unguwar Banikanni. Matakala ɗaya ce, kuma daidai gindinta mai gidan ya ba wani haya yana sayar da esans, wato fetur, a kwalabe. Na yi masifa har muryata ta dushe, ko a jikinsu. Sai na koma karatu a waya, na ga yadda ake sauke mutum da igiya idan gobara ta tare ƙofa. Na sayo mai kauri, da ƙarfen nan mai juyawa irin na bakin rijiya.

Na ce, "In wuta ta tashi, kafin pompiye masu kashe gobara su iso, zan ɗaura miki wannan in sauke ki a hankali."

"Kamar guga?"

"Kamar guga."

Ta sha dariya, ta leƙa ƙasa. "Wa zai riƙe?"

"Ni mana."

"Kai kuma wa zai riƙe maka?"

"Zan san dabara."

"Kwance abarka. Ba na sauka in bar ka a sama. Je ka nemo mana ɗaki a ƙasa, ko a unguwar Kpébié ne."

Matar da na daɗe ina roƙo mu tashi, tana cewa nan mijinta ya rasu, nan za ta mutu!

Ashe wutar ba don kanta take tsoronta ba. Ku fa, wa ke ƙin sauka saboda ku?