Jinkar Ƙarshe ta Baba Dawuda

Da zarar an sallame asuba, Baba Dawuda zai rataya laujensa ya gangara fadama duba ciyawa. Ɗaurin jinka ne sana'arsa tun yana saurayi, kuma a ƙauyukan gindin dutse da ke hanyar Tcholliré da wuya ka sami tsohon gidan gona da hannunsa bai taɓa ba. Yakan murza ciyawa, ya shinshina, sannan ya yar ko ya ɗaure. Har yau ban san abin da hancin nan ke ji ba.

Ni mutumin Garwa ne, a ƙarƙashin rufin kwano na girma, inda rana ke dafa mutum da ransa. Shi ya sa gidajen nan ke ɗaure mini kai: ɗakuna zagayayyu, rumbu a ɗosane kan duwatsu, bango mai kauri, ciki sanyi kamar randa. Na ishi Baba da tambaya. Me ya sa ƙofa ke kallon yamma? Ya ce daga gabas ruwa ke bugowa. Me ya sa ba a share baƙin hayaƙin da ke cikin jinka? Ya ce shi ke korar ƙwari. To, ƙofar fa, don me ta zama gajera? Wannan sai da na ƙuma goshina ya ba ni amsa.

"Malam, ɗakin ya girme ka. Rusuna masa mana."

Bara ne ya yi aikin da ya sa na ɗauki alƙalami. Mama Gisèle tsohuwar manomiya ce, mijinta ya rasu, jinkar ɗakinta kuma ta ruɓe. Ɗanta Rostand, da ke aiki a unguwar Djamboutou ta Garwa, ya ce in ruwan farko ya sauka ɗakin yana buɗe, zai tafi da ita birni. Ita kuwa ba ta ƙi mutuwa ba a kan barin gidan, domin kabarin mijinta yana bayan rumbu.

Gwiwoyin Baba sun daina hawa sama, don haka a ƙasa ya haɗa jinkar, ya baibaye ta tsaf. Sai ta yi nauyi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, samarin ƙauyen kuma duk sun koma haya da babur. Jinka ta yi kwanaki a tsakar gida, gabas tana ta haɗa hadari.

Ranar kasuwa Baba ya dogara sandarsa har inda 'yan babur ke jiran fasinja. Waɗanda ke wurin sun ce bai roƙi kowa ba, shugabansu kawai ya kalla.

"Léandre, a wane ɗaki aka yanke maka cibiya?"

"A ƙarƙashin jinkarka, Baba."

"Ta taɓa yi maka yoyo?"

"Ko ɗigo."

"To, kashe moton nan ka biyo ni."

Suka biyo shi duka. Aka kewaye jinka, aka sa kafaɗa, amma gefe guda ya rasa mutum. Daidai lokacin Rostand ya iso da motar da zai ɗauki uwarsa. Baba ya dube shi ya ce, "Ɗana, ga gurbin babanka." Rostand ya tuɓe rigarsa ya shiga. Jinka ta hau. Mama Gisèle ta hura wuta a ciki, motar kuma ta koma Garwa ba fasinja.

Bana Baba Dawuda ya ajiye lauje, kuma gaskiya abin ya taɓa zuciyata. Kai ne inuwar talaka, Baba. Kai ne wanda ake barci a ƙarƙashin aikinsa a manta da sunansa, don jinka ba ta tuna wa mutum da mai ita sai in ta yi yoyo, taka kuwa ba ta yi. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya ba gwiwoyin nan sauƙi.

Ku kuma samari, ku je ku tambaye shi tun yana amsawa. In kun ga jinka a ƙasa, kada ku wuce, ku sa kafaɗa. Na bi ta ƙauyen a tsakiyar damina, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Hayaƙi na fita ta jinkar Mama Gisèle.