Ruwan da na ba shi ranar sadakar uku

A lokacin, zangonmu 'yan bukkoki ne na gwangwani da tsumma a bayan duwatsun Makka, can inda masu raƙuma ke sauka. Ba rijiya, ba famfo. Mutum ɗaya ke kawo mana ruwa a garwa biyu rataye da sanda. Ɗan garinmu ne, surukin limaminmu. Kullum cewa yake daga bazan ya ɗebo, wato matattarar ruwan cikin gari inda ake bin layi.

Bayan aikin hajji, 'yata, wadda ban daɗe da yaye ta ba, ta kama zawo. Na ba ta jiƙo, na ba ta rubutu, ina ɗura mata ruwan nan don kada ta bushe. Ashe da hannuna nake ƙara mata. Ta rasu a cinyata, idonta ya faɗa kamar na tsohuwa.

Washegari da hantsi, da zargi ya shiga raina, na bi bayan mai ruwan. Wallahi ko hanyar gari bai kalla ba! Ya gangara wani tsohon kududdufi kusa da inda aka binne ragowar layya, ya kore ƙudaje da ƙafa, ya cika garwa, ya jefa alam don ruwan ya kwanta. Wai layi ne ba ya iya bi, ɗan banza.

Na kai ƙara wurin dattawa. Liman ya ce, "Haba baiwar Allah, ruwan Makka yana cuta ne? Kuma wanda ya mutu a nan ai ya dace. Ki yi haƙuri."

Na ce to.

Ranar sadakar uku maza suka cika tabarmi, mai ruwan ma ya zo ya zauna yana jan carbi. Da ma na je kududdufin da kaina na ciko ƙwarya, ban sa alam ba, kore shar, har da tsutsa. Na ratsa maza, abin da mace ba ta yi, na durƙusa gabansa.

Na ce, "Malam, ga ruwa. Inda kake ɗebo mana na ɗebo maka. Na Makka ne, bismilla."

Warin ya isa kowa. Ya dubi surukinsa, liman ya sunkuyar da kai. Idan mai ruwan ya ƙi sha, ya amsa laifi a gaban jama'a. Sai ya kafa baki. Na tsaya a kansa har ya ga gindin ƙwaryar.

Ya sha jinya, ina jiyo nishinsa ta bangon gwangwani, kuma ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Amma ya tashi. Ya tsufa, ya ga jikoki.

Da ajalinsa ya matso, ya aiko matarsa neman gafara, kamar yadda ake yi. Na shimfiɗa mata tabarma, na ba ta shayi. Na ce ta gaya masa ba ni zai roƙa ba, yarinyar tana can, ya je ya same ta.