Fuskar da Baba Ya Juya wa Bango

A gidanmu na ƙauye, can bayan Fadan Kagoma, ba a taɓa shafa wa bango fenti ba. Jarida ake liƙa masa. Kowace shekara, saura mako biyu Kirsimeti, Baba zai iso daga Kafanchan da ƙunshin tsofaffin jaridu a bayan keke, waɗanda ya kwaso a ofishin tasha, don shi ma'aikacin reluwe ne, mai duba layin dogo. Mama ta dama sitacin rogo, ta ɗiga kananzir kaɗan saboda gara, mu kuma mu riƙa miƙa masa shafi ɗai-ɗai yana liƙawa a kan na bara. Ba a ɓare tsoho. Shi ya sa bangon falonmu ya yi kauri, in ka danna shi da yatsa sai ya lotsa kamar burodi.

Baba yana da doka guda. Kafin ya liƙa shafi sai ya duba shi gaba da baya. Fuskar da ke ɗauke da mugun labari ita yake shafa wa sitaci ya manna da bango, mai kyan kuwa ta kalli ɗaki. Ya kan ce ba za mu ci tuwo muna kallon gawar wani ba. A bangon nan na koyi karatu tun kafin a sa ni firamare.

Yau shekara shida da rasuwarsa. Mama ta haura tamanin, tana zaune ita kaɗai a gidan. Ni kuma na yi ritaya daga aikin koyarwa, na gyara mata ɗaki a gidana a Kafanchan, har da sabuwar katifa. Ta ƙi zuwa. Na aika fasto, ta ba shi kaza ta sallame shi. Na aika 'yan zumuntar mata, suka dawo suna yaba mini kunun da ta dama musu. Alhali rabin ƙauyen sun watse saboda 'yan bindiga, waɗanda suka rage ba sa zuwa gona sai a ayari.

Da daminar bara na ce ni da kaina zan je, kuma ba zan dawo ba sai da ita. Na same ta a bayan gida tana cire ciyawa a cikin citta.

"Mama, ki haɗa kayanki."

"Malama ta zo da bulala," in ji ta, ko ɗagowa ba ta yi ba. Haka take kirana in tana so ta ƙona mini rai.

"Ba wasa na zo yi ba. Mutane nawa suka rage a layin nan? Ke da wa?"

"Ni da babanki. Ga shi can kwance gindin mangwaro. In na tafi wa zai share masa ganye?"

Kai, raina ya ɓaci! Ni mai saurin fushi ce, na sani, kuma a wurinta na gada. Na shige falo don kada in faɗa mata abin da zan yi da-na-sani. Nan na ga gara ta ci kusurwar bangon gabas, takardar ta kumbura ta rabu da ƙasa. Na sa hannu na fizga da duk haushin da ke cikina. Sai ga wani babban ɓangare ya ɓallo gaba ɗaya, ya kife a ƙasa, bayansa a sama. Abin da Baba ya yi shekara da shekaru yana ɓoye mana, ga shi a gabana.

Na ɗebo ruwa a kwano na riƙa jiƙa gefen ina raba shafukan a hankali, daga na jikin bango, mafi tsufa. Na zaci zan ga tashin hankali. Ina! Wai mugun labarin wancan zamanin shi ne famfon unguwa ya yi sati uku babu ruwa, wani ya rubuto wasiƙa yana zage-zage. Wani magidanci ya buga sanarwa cewa matarsa ta yi yaji, kada kowa ya ba ta masauki. An kama ɓarawon akuya a cikin taragon jirgin ƙasa ya ɗaura mata zani. Jirgin ƙasa ya yi lattin awa biyu, edita ya cika rabin shafi da faɗa. Na zauna a ƙasa ina dariya ni kaɗai, hawaye na zubo mini.

Fuskar da ta kalli ɗaki kuwa na san ta kamar tafin hannuna. Ga tallan keke da keken ɗinki, ga matar nan mai tsayin ɗankwali tana murmushi da kwalbar maganin ƙarin jini. Ga jadawalin jirgi: mutum zai shiga da yamma da matarsa da 'ya'yansa da kajinsa, ya yi barcinsa, ya farka a wani gari. Ga sanarwar rawa a kulob ɗin ma'aikata, da ta wasan ƙwallo, da hoton amare cikin farin safar hannu. Babu wanda ya rubuta cewa ana zaman lafiya. Ba su ga abin rubutawa a ciki ba.

Da na matso shafukan tsakiya sai dariyar ta ɗauke. Jadawalin jirgi ya ɓace. Fuskar ɗaki ta koma talla zalla, na sabulu, na siminti, na taron addu'a, kamar Baba ya sha wahala kafin ya sami abin da zai bari mu gani. A baya kuma hotunan gidaje ne babu rufi, da mata zaune a filin makaranta da ƙullin kaya a gabansu.

A gefen wani shafi na ga rubutu da shuɗin fensir, irin wanda yake sa wa katakon layi alama. Hannun Baba ne, na san shi sarai. Ya ja layi a ƙarƙashin sunan garin da aka ƙone, ya rubuta: mil sittin. Ban gane ba da farko. Na ɓare na gaba, can ma ga fensirin: mil arba'in da ɗaya. Sai na gane. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana auna layin dogo, ashe nisan abin yake aunawa daga ƙofar gidanmu.

Na ci gaba da ɓarewa. Mil ashirin da shida. Wata shekara ya koma talatin da biyar, har na ji sanyi a raina kamar ban san yadda labarin ya ƙare ba. Sai sha tara. Sai sha ɗaya. Shafin ƙarshe, wanda ya liƙa a Kirsimetin da bai ga wani bayansa ba, rubutun ya karkace don idonsa ya riga ya raunana.

Ban ji shigowar Mama ba. Tana tsaye a bakin ƙofa da ƙasa a hannunta.

"Wa ya ce ki taɓa masa bango?"

"Mama, kin san da wannan?" Na ɗaga mata shafin. Ba ta iya karatu ba, amma ta kalli shuɗin fensirin ta daɗe.

"Wa yake dama masa sitacin?" ta ce. "Tun abin yana mil sha ɗaya ya ce mu koma wurinki. Ni na ƙi. Ya ce to, in ban tafi ba shi ma yana nan."

"To yanzu fa? Don Allah, Mama. Ina roƙonki. Tsoro nake ji, ba na iya barci a gidana."

Ban taɓa gaya mata ina jin tsoron wani abu ba tun ina yarinya. Ta zauna a kujerar Baba, ta goge hannu da zaninta.

"Na ƙarshen, nawa ya rubuta?"

"Huɗu."

"To, da saura," ta ce. "Bari in tone cittata tukuna. Akwai rogo a madafa. Ki dama, ki mayar masa da abinsa yadda ya bar shi."

Na yi ihu, na yi kuka, har na ce mata son kai ne ke damunta. Ta bar ni na gama. Daga baya ni ɗin nan, da furfurata da takardar fanshona, na hura wuta na dama sitaci, na ɗiga kananzir, na mayar da shafukan ɗaya bayan ɗaya, fensirin yana kallon bango, matar ɗankwali tana kallon ɗaki. Mama tana miƙo mini kamar yadda muke miƙa wa Baba.

Washegari da safe na hau mashin ni kaɗai. An yi ruwa, rafi ya cika, sai mai mashin ɗin, wani dattijo ɗan cocinmu, ya bi da ni ta tsohuwar hanyar bayan dutse. Ba mu yi nisa ba muka shiga wata unguwa da na sani sarai, inda muke zuwa niƙa muna yara. Babu rufi ko ɗaya. Masara ta tsiro a tsakar gidaje, ga wata tukunya a kife a bakin hanya.

"Yaushe aka yi wannan?"

"Wata biyu ke nan, Malama. Ai bai shiga jarida ba."

Na ce ya tsaya. Na waiwaya. Daga inda nake ina hango kan mangwaron gidanmu, da hayaƙin madafar Mama yana tashi a gefensa.