Ni na hana tsohon kafilina hawa teku

A shekarun da nake tuƙi a Riyad, ni matashi ne ɗan Katsina mai bakin tsiya, wanda ruwan da ya wuce gwiwa bai taɓa shiga ba. Kafilina, wato mai gidan da iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar, ke hannunsa, dattijo ne a unguwar Badi'a. Baba nake ce masa, shi kuma ɗana yake kirana. Tare muke cin shinkafar kabsa a faranti ɗaya, in na yi zazzaɓi shi da kansa yake kawo min magani ɗaki.

Da ya yi ritaya sai ya ce burinsa ɗaya ya rage, ya sayi jirgin ruwa na shaƙatawa mai inji, ya shiga teku tun ƙafafunsa na ɗaukarsa. Muka riƙa tafiya Khubar, garin da ke bakin teku, a ƙarshen mako, har ya tsaya kan jirage guda biyu. Wallahi kamar tagwaye suke, farare, tsawo ɗaya, sai dai ɗaya na da rumfa a sama, ɗayan kuma falonsa ya fi faɗi. Ya ce shawarata zai bi, tunda duk inda jirgin ya nufa ina gefensa. Ko gadar katakon da ake bi a shiga jirgin na taka sai tsoro ya kama ni, amma girman kai ya hana ni faɗa. Sai na ɓullo da dabara. In ya karkata ga mai rumfa, in yabi falon ɗayan. In ya koma can, in tuna masa daɗin shan shayi a rumfa. Bawan Allah sai ya shafa gemu ya ce lallai ina da hankali, bari ya sake istihara. Haka na yi ta juya shi har sanyi ya wuce, zafi ya shigo.

Wata Juma'a bayan masallaci ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye. Likita ya ce ba shi ba doguwar tafiya. Ina goge masa baki a asibiti ya tambaye ni, da harshen da ya yi nauyi, wanne dai za mu ɗauka. Na fashe da kuka na gaya masa gaskiya. Ya yi dariya da rabin baki, ya ce ai da na faɗa tun farko da ya bar ni a gaɓa ina gadin takalmansa, ya dawo min da kifi.

Ya yi shekara biyu a kwance, ni nake juya shi, bai taɓa goranta min ba. Har yau in na tuna sai zuciyata ta yi zafi, don ina son tsohon nan kamar mahaifina. 'Yan uwa, in tsoho ya nemi shawararku kan abin da yake marmari, ku faɗi tsoronku a fili ku matsa masa ya wuce. Ni ina da sauran lokacin jin kunya, shi ne ba shi da lokacin jira.